Ƙyalle Biyu, Keke Ɗaya

Da keke ɗaya na ɗinka su,
koren da shuɗin,
a ɗakina na bayan tashar jirgin ƙasa.
Allura ba ta taɓa tambayata ra'ayi ba.

Daren yau an gitta shingen ƙarfe a bakin Majalisa,
an tsaga Buenos Aires kamar goro.
Can masu shuɗi, da carbi da kyandir,
suna roƙo don ran da bai ga rana ba.
Nan masu kore, da ganga da fenti a kumatu,
suna kiran sunayen matan da ƙasa ta rufe.
Ni, Ofelia, ina zagayawa ta bayan 'yan sanda,
jaka biyu a kafaɗa,
ciniki nake, ba shari'a ba.

Amma wa ya ce mai talla ba ta da gawa?
Azucena, ƙanwata, shekara sha tara,
kwana uku tana ɓoye zazzaɓi a ƙarƙashin bargo.
Da muka kai ta, likita bai ce "Ina ke ciwo?" ba,
ya ce "Me kika aikata?"
Mama ta faɗa wa maƙwabta ciwon hanji ne.
Har ta bi ta, ba ta sauya magana ba.

Ni ma na taɓa tsayawa a irin wannan ƙofa,
kuɗi a dunƙule a hannu.
Na ɗaga yatsa zan ƙwanƙwasa, na fasa,
har yau ban san ko tsoro ne ko ƙauna ba.
Ga ta can, Milagros, abin da na fasa,
ta hau kafaɗar ƙawarta, kore a wuya,
muryarta ta dushe da ihu.

Kafin asuba aka ƙirga ƙuri'u.
Gefe guda ya tashi sama,
gefe guda ya durƙusa.

Ina tattara sauran kaya
sai ga wata yarinya mai shuɗi a bakin kwalta,
tana kuka, kafaɗunta na rawa.
Na laluba jaka, na miƙa mata abin da hannu ya kama.
Kore ne.
Ta share fuska, ta fyace hanci,
ba ta duba launi ba.

Ban karɓi kuɗinta ba.
Motar farko ƙarfe biyar take tashi,
ƙafafuna sun kumbura.