Kujera Biyu a Tashar Tawa

Mu shida, kujera biyu ta rage a motar Yamai.
Kamasho Sahabi ya tuɓe hula:
"Kowa ya jefa sunansa, in zaro biyu."

Na tsuguna da tsinke, ina zane a ƙasa:
shida sau biyar, talatin,
a raba biyu,
don ni da Habsu shi ne Habsu da ni.
Sha biyar.

Ɗaya tak ke kai mu tare.
Shida su bar mu nan tare.
Takwas kuwa,
wani a mota, wani na ɗaga hannu.

Habsu ba ta yi lakkwal ba.
Ta shafe lissafin da takalmi,
ta ɗora jakarmu a ka:
"Taso, malam, gobe ma akwai mota."