Ƙugiyar Barau

A ɗakin kakana, can gefen rumbu,
akwai ƙugiyar ƙarfe rataye a ƙusa.
Mariƙinta ya yi sulɓi don yawan riƙo,
ba ya yarda yaro ya kai mata hannu da sunan taɓawa.

Mu nan Garun Gabas ba mu da teku.
Ruwanmu na rijiya ne, gaba ashirin,
sai kududdufin da jakai ke sha da damina,
kafin kaka ya zama laka mai tsagewa.

Amma Barau, da an idar da isha'i,
sai ya shimfiɗa buzu ya ce, Ku matso,
in ba ku labarin inda ƙasa ta ƙare,
inda Allah Ya ajiye sauran ruwa.

Gyaɗa na bi, in ji shi, ba son yawo ba.
Ina dako a tashar Malam Madori,
kullum in loda, kullum jirgi ya yi kudu,
na ce, wai wane baki ne ba ya ƙoshi?
Na shige tarago na kwanta kan buhuna,
na sauka Apapa da ƙura da yunwa.

Tsofaffin can sun ce da fadama ce,
sauro da kwalekwale da masu jefa taru.
Aka yi ta yashe ƙasa, ana zuba dutse,
har jirgi mai hayaƙi ya sami wurin tsayawa.

Mu ne tsanin jirgin, mu da wuyanmu.
Bazabarme gabana, Bayarabe a bayana,
ba mai jin bakin wani, nauyi ne tafinta.
Gyaɗa ta hau, auduga ta hau, kirgi ya hau,
gishiri ya sauko, da siminti, da kwanon rufi,
da irin keken da mai unguwa ke hawa.

Rannan igiya ta tsinke kan Ɗan'iro,
yaron Kaugama mai dariyar wushirya.
Ni na kawo wa uwarsa hularsa,
da fam biyu da sule bakwai a ƙulle.
Ta juya hular, ta daɗe, sannan ta ce,
Ruwan nan, yana da kyau kuwa?

Nan Barau kan yi shiru ya gyara carbi.

Daga baya sai ga akwatunan ƙarfe,
da ƙugiya mai tsawon rimi uku,
mutum ɗaya a sama yana danna maɓalli,
aikin mutum ɗari kafin shayi ya huce.
Gaɓa ta ƙara tsawo, layinmu ya gajarce.
Aka ce an gode. Na dawo gida
da tari, da ƙugiyata, da katantanwa.

Bana ni na noma riɗi, buhu sha ɗaya.
Dillali ya ce ƙetare za shi,
ƙasar da sunanta ke karya min harshe.
Ya ce har an yi tashar jirgin ruwa a Zawaciki,
kan tudu, ba ko ɗigo, sai kwantena.
Kakana ya yi dariya har tarin ya tashi:
To, teku ta gaji da jiranmu, ita ke zuwa.

Ran da tirela za ta ɗauki kayan,
ya fito da sanda, ya laluba bakin buhu.
Wa ya yi ɗinkin nan? Ba zai kai Zariya ba.
Ya sa na warware, ya karɓi basilla,
idonsa ba ya gani, yatsunsa na tunawa.

Da ya gama ya ce in ɗauko ta daga ƙusa.
Ya soka, ya ja, buhun bai ko motsa ba.
Ya miƙo min mariƙin, da ɗuminsa.
In ka je can, ya ce, ka gaida ruwa.