Batir a Hammata

Ni direban motar madara ne a Tsurui.
Ƙarfe huɗu na asuba nake tada inji,
gona tara, shanu ɗari shida,
kyamarata a kujerar gefe
kamar yaron mota da ba ya magana.
Ta hannu na saya a Kushiro,
da kuɗin da Sumie ta ware wa sabon murhu.
Ba ta yafe ba har yau; ta dai daina faɗi.

Watan Mayu ƙanƙara ta saki fadama,
ruwa ya yi baƙi kamar shayin da aka manta.
Na kwanta rub-da-ciki cikin kyauro
don ɗan gauraka mai kwana uku a duniya.
Uwar ta gan ni tun ban gama kwanciya ba.
Hoto arba'in na ɗauka:
kara, kara, kara,
a na ƙarshe, ƙafa guda tana barin wurin.

Agusta hazon teku ya hau tudu,
ya haɗiye shanu, ya bar kukansu.
Sauro ya ci rabonsa a wuyana.
Wani dila, siriri, wutsiya duk ƙaya,
ya fito bakin titi ya dube ni
irin kallon mai bin bashi,
ya sunkuya ya ɗauki murfin gilashina
ya shige daji ba ko sallama.
Hannuna ya danna ban sani ba.

Oktoba ganye ya kama wuta ba hayaƙi.
Kifaye na hawan kogi, suna saɓa wa ruwa,
jiki a yayyage, baki a karkace,
su zuba ƙwai su mutu a inda aka haife su.
Tsoho Tokuji ya ce, rataya ƙararrawa,
beyar na yawo, bai gama tara kitse ba.
Na rataya. Kowa ya gudu, har tsuntsaye.
Na cire. Sai ga sawu a laka,
ruwa bai ma gama taruwa a ciki ba.
Wannan hoton ya yi rawa.
Ba iska ce ta kaɗa shi ba.

Sai Fabrairu,
sanyin da ke manne gashin hanci.
A kan gada mutanen Tokyo sun yi sahu,
kowa da gilashi tsawon hannu,
kuɗin guda ya sayi motata har da madarar.
Na samu 'yar kafa tsakanin kafaɗu biyu.
Kogi na tururi, gauraki na barci a tsaye,
rana ta leƙo,
kyamarata ta ƙifta ido ta mutu.

Na zare batir na cusa a hammata,
na matse shi kamar kaza a kan ƙwai.
To, a lokacin ne biyu suka ɗaga wuya sama,
ya kira sau ɗaya, ta amsa sau biyu,
numfashinsu ya fita ja, ya tsaya a iska.
Suka yi tsalle, suka rusuna wa juna,
ya jefa tsinke sama, ta yi kamar ba ta gani ba.
Hagu da dama injuna na ta ɓaɓatu,
ni kuwa ido kawai gare ni,
ido da hawaye masu daskarewa.
Da batir ya farfaɗo, an tashi daga wasa.
Na samu bayan tsuntsu da hular wani.

Na makara a gona ta huɗu,
matar Oikawa ta wanke ni tas.

Da dare Sumie ta baje shekarar a tabarma,
tana turewa da yatsa ɗaya.
Ta ɗaga na dila, ya fito a karkace,
rabin kunne babu, murfina a bakinsa.
Ta ce, wannan ya san abin da ya zo yi.
Ta kafe shi da ƙusa a bango,
daidai saman tsohon murhu.