Gishiri a Rijiyar Baba

Ranar farko Dokta Oyelaran ba ta taɓa allo ba.
Kwalba ta dire a kan tebur, ta ce,
"Ran Talata kowa ya zo da ruwan unguwarsu.
Littafi zai jira ku, shi ba ya ƙafewa."

Mu ɗari da 'yan kai a ɗaki mai fanka ɗaya,
sababbin shiga, takalmanmu ma ba su saba da Akoka ba.

Sai na hau danfo zuwa Aja,
inda Baba ya shekara sha tara yana tura kura,
jarka goma sha biyu, taya biyu, gwiwa biyu,
a garin da teku ya yi wa ɗamara
amma maƙogwaro sai da kuɗi yake jiƙuwa.
Sunansa Tanimu. Ba mai kiransa haka.
Daga bene ake leƙowa a ce, "Mai ruwa!"

Na ɗebo kwalbata a rijiyar da yake ɗiba.

Malamai huɗu suka yi layi a kanta
kamar masu duba mara lafiya.
Na ilimin ƙasa ya zana cikin ƙasa hawa-hawa, ya ce,
"Kuna zuƙe mai daɗi da burtsatse,
teku na biyo sawu ta ƙarƙashi,
baƙon da ba ya sallama, ba ya komawa."

Farfesa Ezeanya ya tambaye ni kuɗin jarka.
Na faɗi na bara, na faɗi na bana.
Ya ɗiga su a allo, ya ja layi,
sai ga gumin Baba yana hawa tudu da farin alli.
Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba.

Ta tarihi ta warware tsohuwar taswira,
inda ɗakinmu yake, fadama ce da ƙaguwa.
"An cike ta da yashi," in ji ta.
Sewanu, da ba ya magana a aji, ya ɗaga hannu:
"Yashin nan daga inda kakana ke jefa taru aka kwaso shi.
Kifin ya yi ƙaura. Kwalekwalen yana nan, yana ruɓewa."

Na shari'a tambaya ɗaya ya bar mana:
ruwan da ke ƙarƙashin gidanka,
naka ne, ko na maƙwabci, ko na jikan da ba a haifa ba?
Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya amsa.

Na bi Dokta har bakin mota ina mita:
karatu ɗaya na zo yi, an ɗora mini huɗu,
jarrabawar wa zan ci?
Ta yi dariya tana neman makulli.
"Hansatu, mu muka raba ilimi ɗaki-ɗaki muka sa kwaɗo.
Rijiya ba ta san tsangaya ba."

Da sakamakon awo ya fito na kai wa Baba,
lamba ce mai ɗigo a tsakiya, na haddace ta a hanya.
Bai karɓi takardar ba.
Ya tsoma yatsa a jarka, ya ɗora a harshe.
"Damina uku ke nan da na sani.
Mai shayi ya fara yi mini ƙorafi,
sai masu wanki, wai sabulu ya daina kumfa.
Ku da ke da takarda, ku tambayo mini:
in rijiyar nan ta mutu, ina zan nufa da kura?"

Na rubuta a shafin farko, ban ja layi a ƙarƙashi ba.

Daren nan sama ta ɓalle.
Ina kwance ina jin kwano yana amsawa,
indararo na zubar da abin da Baba zai saya gobe
cikin kwata mai cike da leda.

Ran Asabar Sewanu ya zo da igiyar taru,
ladan ya ba mu aron tsani.
Muka auna rufin masallacin unguwa, tsawo da faɗi,
ina lissafi a bayan hannuna da biro:
ruwan dare ɗaya, jarka nawa?
Baba na ƙasa, ya riƙe mana tsanin,
yana cewa mu yi a hankali, kwanon ya fara cinyewa.