Shuɗin Maka a Kafet ɗin Asabe

Laifina ne, na amsa tun ba a tambaye ni ba.
Ni na dawo daga makaranta na yar da jaka a bakin ƙofa,
zif a buɗe, maka a ciki,
ba irin ta farin allo ba,
irin mai kama jiki kamar tsohon bashi.

Na shiga alwala. Minti nawa ne alwala?
Ko da na fito, Ikilima ta durƙusa a tsakar falo,
harshe a gefen baki,
ta buɗe ajinta a kan kafet.

Kafet ɗin Asabe.
Wata tara tana zubin adashi,
ta je Taminus da ƙafarta ta taya,
ta ɗauko shi a keke, rabinsa yana leƙen titi.
Ruwan madara, wai don falo ya yi haske.
Na ce mata ranar: mai ɗa ba ya sayen fari.
Yau maganata ta tabbata, da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ƙarfe huɗu. Shida take tashi daga asibiti.

Na kawo omo, na kawo buroshin takalmi,
na dirje da ƙarfin mai jin tsoro.
Layi ya zama hadari.
Abin da tafin hannu zai rufe ya koma faifai.

Maman Nanret ta leƙo daga ɗakinta, suwaita har wuya.
"Malam, wanke shi kake, ko shuka shi?
Tawada ba ta son faɗa.
Ka matsa mata, ta shige ƙuryar ɗaki."
Ta aike ni kemis kamar ɗan firamare:
sifirit, ƙaramar kwalba, kada in tsaya gaisuwa.

Mun fara ɗigawa a bayan kujera,
mu ga ko kafet zai yi fushi. Bai yi ba.
Ta sa aka fitar da kaskon gawayi,
aka buɗe taga,
sanyin dutsen Shere ya shigo ba sallama.
Tsohuwar singiletina ta zama gida takwas.

Jiƙa ƙyalle, ba kafet ba.
Danna. Ƙirga biyar. Ɗaga.
Daga gefe zuwa tsakiya,
yadda ake kora awaki turke da magariba.
In ƙyalle ya sha ya ƙoshi, juya masa wani gefen.
Gwiwata ta yi tsami,
shuɗi yana barin gidan wani yana komawa rigata.

Saura tsakiya, inda buroshi bai kai ba,
sai yarinyar ta riƙe min hannu.
"Baba, kar ka goge Mama."

Sai a lokacin na duba.
Kai kamar ƙwai, ƙafafu biyu, hular asibiti,
da hannu guda da ya miƙe har gindin tebur.
Na ce, me ya sa hannun ya yi tsawo haka?
Ta ce, "Don ta taɓo ni daga wurin aiki."

Shekara goma sha ɗaya ina duba littattafan 'ya'yan mutane
da jan biro.
Wannan ban san makin da zan ba shi ba.

Na ɗauka a waya, sau uku, don hannuna na rawa.
Na ba ta ƙyalle na ƙarshe, muka danna tare.
Ruwan sanyi, tawul,
muka ɗora ƙamus da takardun jarrabawar aji biyar.

Shida da kwata ƙofa ta yi ƙara.
Asabe ta tsaya, takalmi ɗaya a hannu,
ta ja iska da hancin ma'aikaciyar jinya.
"Warin sifirit nake ji. Wa ya ji ciwo?"

Na ce babu.
Ikilima ta ɓoye yatsunta a baya.

Har yau, in ranar safe ta faɗo ta taga,
akwai wani ɗan shuɗi-shuɗi kusa da tebur,
daidai inda hannun ya tsaya.