Awon Tela

Ni tela ne a Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
shekara talatin da ɗaya keken nan yana cin ƙafata.
Abin da na sani awo ne.
Na san wuyan yaran unguwarmu fiye da iyayensu.

Da takarda ta zo cewa za a ƙara awayid,
harajin nan da ake ɗora wa kowane gida,
na ƙirga ɗakunana uku da rumfar gaba,
na ce, to, an ga bango a tsaye an zaci kuɗi ne a ciki.
'Ya'yana sun girma. Ɗaya na Jidda, ɗaya na Madani.
Ba ni da kowa a makarantar nan.
Na ɗauko a'a, na goge ta da dutsen guga,
na ninke, na sa a aljihu.

Ana jibi taro sai ga Batula, 'yar Jibir mai amalanke,
ta kawo rigar makaranta in yi mata faci.
A kafaɗa ne. Ba yagar ƙusa ba ce, ba ta wasa ba.
Ta ce, Baba Tijjani, rufin ajinmu ne ya yi tari
ya tofo mini guntun siminti.
Tana faɗa tana dariya.
Wai bokiti shida ne a ajinsu in damina ta sauka,
kowanne da mai kula da shi,
ita ce sarauniyar na kusa da allo.

Na rufe shago kafin la'asar. Na ɗauki igiyar awo.

Ƙasar garin nan kun san halinta:
baƙa wuluk, da rani ta wage baki,
da damina ta haɗiye tubali.
Tsagar bangon gabas, wadda na sani tun tana zare,
lokacin da Ustaz Mahjub ke ɗumama mini tafi a kan sau bakwai,
yau hannuna ya shige ta har wuya,
na gaisa da iskar waje.
Gara ta cinye azara, ta bar fenti yana rufa asiri.
Na auna. Na sake aunawa.
Ban rubuta komai ba.

Bayan isha'i, gindin dalbejiya, fitila biyu.
Siddiƙ mai manyan motoci ya miƙe:
na bara da na bara waccan, ina suka shiga?
Ba wanda ya ce ya zauna, don tambayarmu ce ya ara.
Aka yi ta ja har shayi ya huce.
Sai an liƙa lissafi a ƙofar masallaci duk wata,
sai mutum uku cikinmu sun riƙe mabuɗin ɗakin siminti,
in ba haka ba, kowa ya kama hanyar gida.

Sannan Hajja Kaltume mai ɗaki ɗaya,
mai toya kisra a bakin tasha,
wadda ba ta taɓa zama a kan bencin aji ba,
ta ɗaga hannu tun ba a ce a ɗaga ba.
Ta ce, ku ƙirga da wuri, kafaɗata ba lafiya.

Na laluba aljihu.
A'ar tana nan, a goge, a ninke,
amma ta yi mini kaɗan,
kamar rigar da aka ɗinka wa yaro bara.

Ni na san tufa.
Akwai ranar da faci ke neman inda zai kama ya rasa,
zare ya shiga ya fito bai riƙe komai ba.
Ranar nan ba a zagin allura,
sabon yadi ake yankowa.

Hannu ɗari da goma sha tara aka ƙirga.
Ashirin da shida ba su ɗaga ba,
kuma gobe ma ni zan ɗinka musu.
Nawa yana can tsakiya, da alli a farce.

Yanzu na daina gahawar hantsi, sai ta yamma.
Kaina yana ƙorafi, ina ba shi haƙuri.
Da Batula ta zo karɓar riga na ce ta riƙe kuɗinta,
amma ranar da aka haƙa harsashin ginin
ta zo ta gaya mini faɗinsa,
taku nawa ne da ƙafarta.