Tumaki Casa'in

Shekara arba'in ina zuba wa fitila mai
a gindin wannan ginshiƙi,
gaban mutumin dutse mai haɗe tafuka a ƙirji.
Ubana ya ce sarki ne.
Kakana ya ce giwayensa ne suka shanye tafkin garinmu.
Haka na yi ta faɗa wa baƙi, ina karɓar 'yan rufi.

Sai ga Ilamati daga birni,
da tsani, da bokiti, da naɗin takarda a hammata.
Ta kankare farar ƙasa, ta wanke tsohon hayaƙi,
ta jiƙa takarda ta manna wa bango,
ta yi ta bugu da buroshi
kamar mai wanki a bakin Kaberi.
Da ta dangwala tawada
sai haruffa suka fito farare,
dutse ya yi murmushi da haƙora.

Yatsanta na bin layi, tana karantawa:
"A shekara ta goma sha huɗu ta sarautar..."
Nan dutsen ya ɓantare.
Daidai kan sunan.
Gurbin bai fi tafin jariri ba.

Na ce, to ai ga shi nan tsaye, dube shi.
Ta ce, Baba Sokkalingam, ina kambinsa?
Ina takobi, ina laima?
Duba abin da ke kafaɗarsa.
Na matso da fitila.
Tun ina yaro nake ce masa sarƙar zinariya.
Ashe igiya ce.

"Nakkan ɗan Sattan, makiyayi,
ya ba da tumaki casa'in
waɗanda ba sa tsufa, ba sa mutuwa,
don man nononsu ya riƙe fitila ɗaya
muddin akwai rana da wata."

Na ce, wace tunkiya ce ba ta mutuwa?
Ta ce, wadda 'yarta ke tsaye a bayanta.

Sarkin fa?
Ta auna lanƙwasar wani harafi da ido,
ta lissafa sarakuna uku da yatsu,
ta naɗe biyu, ta sake buɗe ɗaya.
A littafinta ta rubuta: ba a tantance ba.
Duk giwayen nan, duk tamburan nan,
kwanan wata kawai aka ɗauke shi ya riƙe
don a san ranar da tumaki suka zo.

Ta tafi da motar ƙarfe biyar.

Da magariba na kawo furen yasmin kamar kullum.
Na tsaya, hannuna a sama.
Man yau daga kanti yake, cikin gorar roba.
A waje wani yaro na kora garke gida,
ƙura na shigowa ta ƙofar gabas.

Na rataya masa furen a kan igiyar.

Gobe akwai motar baƙi biyu.
Kuma sun fi sakin hannu in an ce sarki.